Ta Tafi Goyon Ciki Gida, Ko Ta Haihu a Legas?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazaunin Agege ne, ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Mai ɗakina shekararta 18, cikin fari ne, ya cika wata bakwai. Surukata ta matsa a kai mata ita goyon ciki can ƙauyensu a jihar Katsina, kamar yadda aka saba. Sau biyu ta je awo ta daina, saboda dogon layi da rashin jin yarensu. Kwanan nan ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, tana yawan kukan ciwon kai. Matan gidanmu sun ce nauyin ciki ne, ko kuma tagwaye. Ni dai na rasa yadda zan yi. In na hana a ce na raina iyaye, in na bari hankalina bai kwanta ba. Me kike gani?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya raba lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya. Ni ungozoma ce ta asibiti a nan Legas, kuma matan da ke nemana da Hausa yawancinsu daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago suke zuwa, saboda haka wannan zance ba baƙo ba ne a kunnena.

Abin da ka tambaya shi ne ko ka bar mai ɗakinka ta je ta haihu a gaban mahaifiyarta, ko ka riƙe ta a nan. Amma a cikin bayanin ka ambaci kumburin fuska da ciwon kai ka wuce, kamar ba su ne zancen ba. Maganar tafiya za ta iya jiran mako guda ana shawara. Waɗannan biyun ba sa jiran gobe, don haka da su zan fara.

Kumburin nan da ciwon kai

Ƙafar mai ciki ta ɗan tasa da yamma, ta kwanta ta wayi gari ta saɓe, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Idan kumburin ya hau fuska da hannuwa, zobe ya ƙi fita, idanu suka yi luhu-luhu da safe, ga ciwon kai da ba ya jin farasitamol, to abin da muke fara zargi shi ne hawan jinin ciki. Yana bayyana ne bayan mako 20. Ma'auninsa shi ne jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a kuma sami furotin a fitsari. Tushensa a mabiyiya yake: jijiyoyin da ke ciyar da ita ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon cikin, sai jikin uwar ya ɗauka, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa su fara jin jiki, abincin da ke isa ga ɗan tayi kuma ya ragu. Ya fi kama masu cikin fari, da 'yan mata ƙanana, da masu ɗauke da tagwaye. Ka ga ke nan ko matan gidanku sun canka daidai tagwayen ne, wannan ƙarin dalilin zuwa asibiti ne.

Idan aka bar shi ya nuna, ƙarshensa jijjiga. Mace na zaune sai ta ce tana ganin wuta-wuta ko dishi-dishi, ko ta dafe saman cikinta wajen haƙarƙarin dama, can sai ta yanke jiki ta faɗi tana taune harshe. A gidajenmu abu na farko da ake cewa shi ne iska ta taɓa ta. A kawo hayaƙi, a ɗura rubutu, wata ta cusa cokali a baki. Na karɓi matan da aka kawo haƙori a karye saboda cokalin nan, da waɗanda abin da aka ɗura musu ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota. Abin yi shi ne a kwantar da ita a gefenta na hagu, kada a sa mata komai a baki, a nufi asibiti. Akwai allurar maganiziyam salfet, mai araha, wadda ke tsayar da jijjigar ta hana ta dawowa, akwai magungunan saukar da jini da ba sa cutar da ɗan tayi. Amma warkewa ta gaskiya sai an raba uwa da mabiyiya, shi ya sa likita kan sa allurar naƙuda idan ciki ya kai mako 37, ko kafin nan in abin ya yi tsanani.

Ban ga matarka ba, kuma ba a auna jini daga nesa. Mai yiwuwa a duba a ce ƙarancin jini ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ma ba komai. Gwajin hawan jinin bai fi na minti 10 ba: a ɗaura abin awo a dantse, a tsoma ɗan tsinken takarda a fitsari. Ka kai ta yau, ka wuce kai tsaye ka ce mai ciki ce da kumburin fuska da ciwon kai. Mai irin wannan ƙorafi ba ta bin layin awo. Kada ka tsaya a kemis a haɗa mata maganin ciwon kai, domin wasu daga ciki suna ƙara wa ƙoda aiki.

Awon da ta bari shi ma sai ta koma. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta zuwa ganin ma'aikacin lafiya sau 8 a ciki guda, kuma mafi yawansu a watannin ƙarshe suke, domin a nan ne irin wannan matsala ke kunno kai. A wurin ne za ta sami ƙwayar ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a ƙalla sau uku da tazarar wata guda, da allurar tetanus. A nan za a san rukunin jininta, a yi hoton ciki a ga ɗaya ne ko biyu, da kai zai zo ko a zaune, da inda mabiyiya ta kwanta.

Abin da ke cikin goyon ciki

Ba na cikin masu kushe wannan al'ada. Iyayenmu ba su ƙirƙire ta don wasa ba. Yarinya 'yar 18 a ɗaki guda a gidan haya, banɗaki na gayya, miji ya fita tun kafin asuba don ya tari motocin tumatir da albasa, ba ya dawowa sai bayan magariba. Wa zai lura ta canja? Wa za ta gaya wa ta ga jini a zaninta? Tana bukatar uwarta, kuma surukarka ta fi kowa sanin haka. Abin da nake so ka duba shi ne, amfanin goyon ciki a wurin uwar yake, ba a wurin garin ba. Garin kuwa ana auna shi da abu ɗaya: daga ɗakin da za ta yi naƙuda zuwa inda ake tiyata, ake ƙarin jini, ake da allurar jijjiga, tafiyar minti nawa ce da ƙarfe biyun dare?

Ga dalilin da ya sa nake nacewa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 287,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 82,000 daga cikinsu a Najeriya, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Kuma abubuwan da ke kashe matan ba su da yawa, an san su, an san maganinsu: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Masana sun daɗe da lura cewa jinkiri uku ne ke shiga tsakanin mace da ceto. Jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa.

A wurinmu na farkon ya fi ɓarna, kuma kunya ce ke ciyar da shi. An tarbiyyantar da yarinya cewa mai cikin fari ba ta nuna ciki, ba ta kuka a naƙuda, dauriya ita ce mutunci. Sai ta fara jin ciwo tun bayan isha'i ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ta durƙusa ita kaɗai. Na sha karɓar irinsu nan Legas, leɓe ya fashe don cizo, in tambaya tun yaushe, a ce ai yanzu muka sani, alhali faya ta fashe tun jiya. Bayan an sani kuma sai a ce a jira mai gida ya dawo ya ba da izini. A ƙauye sai a ƙara da jiran a ga ko ungozoma za ta iya, da neman mota, da haɗa kuɗin mai.

Naƙudar fari takan ɗauki lokaci, amma idan ta kama sosai har rana ta fito ta faɗi ba a haihu ba, ko dare ya raba gari ya waye, to akwai abin da ya tare. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale a ƙugu, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Asalin yoyon fitsari ke nan, kuma sau da yawa jaririn ma ba a same shi da rai ba. Yankan gishiri da wasu ke yi wai don buɗe hanya ba ya buɗe komai, ƙashi ne ya tare ba nama ba, sai dai ya jawo zubar jini da wani yoyon. Cibiyar ƙasa ta masu wannan lalura a Babbar Ruga take, can Katsina, jiharku. Ana gyarawa, alhamdu lillahi, amma tiyatar awa guda a kan lokaci ta fi.

Zubar jini shi ne mai gaggawa. Idan mace ta zubar da rabin lita bayan haihuwa, kwatankwacin leda ɗaya ta ruwan fiya-wata, an shiga layin haɗari, kuma mai zuba sosai na iya rasuwa cikin awa biyu. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba ta ma kai haka. A asibiti, da zarar jariri ya fito muke yin allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, da aka gudanar a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu tare da likitocin Jami'ar Bayero ta Kano, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni da haɗa magungunan a lokaci guda ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Tsohuwar ungozoma a gida, duk iyawarta, tsumma take da shi da ruwan zafi.

Sai ita kanta hanyar. Daga Legas zuwa Katsina ya haura kilomita 1,000, kwana ake yi a mota, ƙafa a naɗe, ana ƙin shan ruwa don gudun fitsari. Ko mai lafiyayyen ciki ba na so ta yi wannan tafiya a wata na takwas. Wadda ake zargin jininta ya hau kuwa, in jijjiga ta same ta a daji tsakanin Mokwa da Tegina, ban san abin da direba zai iya yi ba face ya tsaya.

Legas ma ba a kwance take ba

Kada ka ɗauka ina cewa da ta zauna a nan shi ke nan. Cunkoson hanya kaɗai na iya mayar da tafiyar minti 20 ta zama ta awa biyu, balle in an yi ruwa. Akwai tsada. Akwai ma'aikatan da harshensu ke da kaifi, ba zan kare su ba. Yarinyar da ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci, aka daka mata tsawa a gaban jama'a, ba mamaki ta ce ba za ta koma ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a haɗa ta da wata babbar mace a unguwa da ta haihu a nan, mai jin yaren, ta riƙa raka ta. A Agege, inda Hausawa suka yi kaka da kakanni, irin waɗannan matan ba su da wuyar samu. Kai ma ka je ko sau ɗaya. Ranar da miji ya zauna aka yi masa bayani da kunnensa, na lura gardamar gida raguwa take. Idan kuna son mace ta duba ta ku faɗa tun a tebur, yawancin masu awo da karɓar haihuwa mata ne. Amma in ta kai ga ceton rai likitan da ke kan aiki namiji ne, malamai sun yi bayani a kan lalura, kada a tsaya.

Da irin alamun da ka faɗa, babban asibiti ya kamace ta, ba ƙaramin na unguwa ba. Kusa da ku akwai Babban Asibitin Orile-Agege, da cibiyar mata da yara ta Ifako-Ijaiye. Idan abu ya fi ƙarfinsu sukan tura Ayinke House, sashen haihuwa da ke asibitin koyarwa na jiha a Ikeja. Mutanen Idi-Araba kuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a ƙofarsu yake. Lambobin gaggawa na jiha su ne 112 da 767, ka adana su, amma ka kuma riƙe lambar mai keke Marwa ko mai mota guda biyu a layinku da za su ɗaga waya da dare.

Zancen kuɗi, ka fara warewa daga cinikin yau, ka ajiye inda hannunta zai kai ba sai an nemo ka ba. Ka tambayi teburin inshorar jiha, Ilera Eko, a asibitin. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, ka tambaya ko asibitin da kuka zaɓa na cikin shirin. Game da jini, a 2020 wata babbar kotun jihar Legas ta hana tilasta wa miji ba da jini kafin a karɓi matarsa awo. Duk da haka ni shawarata ka bayar da son ranka, ka kuma tanadi abokai biyu a kasuwa da za su zo in an kira. Abu na ƙarshe kyauta ne: ka tara ta da matan gidan ka faɗa a gabansu cewa ka ba da izini tun yanzu, duk lokacin da aka ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani, ko zazzaɓi, ko motsin ɗa ya ragu, a tafi, a kira ka daga hanya. Ka ce in likita ya ce tiyata, ka yarda.

Yadda za ka tunkari surukarka

A ganina mafita ita ce uwar ta zo. Kuɗin motarta zuwa da komawa bai kai abin da za ka kashe ba in abu ya ɓaci a can. Kada ka buga mata waya da kanka ka ce ba za ta zo ba, wannan shi ne za a kira raini. Bayan an auna ta, ka sami mahaifinka ko wanda ya karɓar maka aure ya yi magana da mahaifin yarinyar, a ce asibiti sun hana ta doguwar tafiya, ana roƙon Inna ta taimaka ta zo ta zauna da 'yarta har a yi arba'in. In kunyar zama ɗakin suruki ce matsala, kai ka koma wurin abokai na ɗan lokaci, maza da yawa a nan haka suke yi. In ita ba za ta samu ba, gwaggo ko yayar yarinyar ta wadatar. Ka kuma yi alkawarin kai mai jego da jariri gida ganin dangi idan sun yi ƙwari, ka cika.

Idan gwaji ya nuna lafiya lau take, likita ya yarda, iyaye kuma suka kafe, to a tafi da sharaɗi. Ta tafi da wuri da katin awonta, a yada zango a hanya, ta sauka gidan dangi a cikin gari kusa da babban asibiti kamar Katsina, Funtuwa, Daura ko Malumfashi, ta yi rajistar awo a makon da ta isa, kuma a yi magana a fili cewa a asibiti za ta haihu. In kuwa jinin ya hau, ni ban ga wani sharaɗi da zai sa in ce ta hau mota ba.

Bayan an sauka

In Inna ta zo za ta zo da ganyen wanka da kanwa, sai an yi hira cikin ladabi. Wanka da ruwa mai ɗumi yana da kyau, tafasasshen da ke saluɓe fata ne ba ma so, musamman ga mai ɗinki. Kunun kanwa kuwa ga macen da jininta ya hau, a'a. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya nauyi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan ya ƙara da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, tana tari da dare, ƙafa ta kumbura, asibiti za a kai ta. Kuma jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa, don haka a ci gaba da auna jinin, a koma ranar da aka ce har zuwa mako shida. A bar kunun gyada da na tsamiya da farfesu su yi aikinsu. Dakashi, nonon farko mai rawaya, a ba jariri cikin awar farko, kada a matse a zubar. Cibiya a shafa mata maganin kulohezidin da asibiti ke bayarwa, ban da man goge baki ko toka.

Kafin a sallame ku ku yi zancen tazara, ku biyu. Shawarar masana ita ce a bar a ƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, kuma hakan ya zo daidai da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata. Shayarwa na hana ciki ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi, kwanika na iya shigowa. Akwai allura, akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa, duka ana daina su haihuwa ta dawo, sai dai ta allura kan ɗan jinkirta wasu watanni. Mai hawan jini ba kowace ƙwaya ce ta dace da ita ba, a bari ma'aikaciya ta zaɓa tare da ku. Idan an tabbatar hawan jinin ciki ne wannan karon, a ciki na gaba ta fara awo kafin wata uku ta kuma faɗa musu tarihin, domin akwai ƙaramin asfirin da likita ke ɗora irinta a kai tun da wuri don rage haɗarin ya dawo.